Ta Yi Kunyar Ɗan Fari, Ni Kuma Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu baki ɗaya. Ina gaishe ku daga Jidda. A hannun wani alhaji mai komawa gida na ba da wannan takarda, ban sa sunana ba, kuma sunayen da za ku gani a ciki duk na aro ne. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini. In kun gama kuka ga tsinuwar ce ta dace da ni, to ba ku riga ni ba, shekara tara ke nan ina yi wa kaina ita.

A nan Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina. Kakana ya zo aikin hajji a ƙafa, bai koma ba. Ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausar da kuke karantawa a ɗakin mahaifiyata na sha ta, Larabci kuma a titi. Irinmu a nan Takari ake ce mana, kuma tun ina ƙarami na tsani wannan kalma kamar yadda na tsani zazzaɓi. Na gyara harshena har ya zama in ina magana a bayan labule ba mai cewa ba Balarabe ba ne. Da waɗannan harsuna biyu na sami aikin tafinta, abin da Larabawa suke kira turjuman, a wani ƙaramin ofishi kusa da tashar jirgin ruwa wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ga aikin ofishin: bayan an gama hajji, duk wanda aka kama ba shi da iƙama, wato takardar zama, sai a tsare shi har jirgin da zai mai da shi ƙasarsu ya zo. Akasarinsu talauci ne kawai ya hana su komawa. Amma akwai waɗanda suke cewa in aka mai da su kashe su za a yi. Waɗannan su ake kawo mana su nemi mafaka. Mudir, wato shugaban ofishin, ya yi tambaya, ni in fassara, ya rubuta, mutum ya dangwala yatsa. In an yarda da labarinka a ba ka takarda ka nemi kafilin da zai tsaya maka. In ba a yarda ba, sai jirgi.

Kada ku zaci wani wurin jinƙai ne. Tun da hantsi ake zube su a tsakar gida a ƙasa, cikin ranar Jidda da gumin teku, ga lamba a hannun kowa, ga ganga ɗaya ta ruwa mai ɗumi da gwangwani ɗaya. A cikin ofishin ma ba kujerar mai neman mafaka, a tsaye ake ba da labarin yadda aka kashe maka uba. Tambaya ɗaya sai a yi ta sau uku ta fuska uku, ba don a fahimce ka ba, don a kama ka. Ka ce ranar Talata kuka gudu, anjima ka ce Laraba, shi ke nan, kai maƙaryaci ne. Wa yake riƙe sunan rana yana gudun bindiga? Mudir ɗinmu kuwa ya riga ya yanke cewa duk baƙar fata da ƙarya ya shigo, sai dai in ƙaryar ta gagare shi kamawa. Ni kuma ina gefensa cikin farar riga, ina gyaɗa kai, don takardata ta neman zama ɗan ƙasa tana kan teburinsa, wasiƙar shaidarsa kawai take jira. Mako ɗaya kafin abin da zan ba ku labari, wani tsoho ya kasa faɗin shekarunsa, sai na yi karambanin bayyana wa mudir cewa mutanenmu ba sa rubuta ranar haihuwa. Ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce, "Ya walad," wato kai yaro, "kai turjuman ne ko lauya? Abin da ya fito daga bakinsu shi nake so, ba abin da ke cikin kanka ba. Ka sake, takardarka ta koma ƙasan tari." Na ce, "Hadir, ya mudir," wato na ji na bi. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Sai ga Inna Tabawa. Dattijuwa ce daga ɗaya daga cikin ƙasashenmu na yamma masu jin Faransanci. Mijinta ɗan jam'iyyar adawa ne, an harbe shi a bakin kasuwa da rana tsaka, aka shiga neman iyalinsa. Ta gudo da 'yan mata biyu da wani saurayi dogo mai kimanin shekara ashirin da biyar, malamin makaranta, zan kira shi Isuhu. Suka bi ayarin alhazai har suka ƙetaro. Da safen da za a saurare su na fita tsakar gida ina kiran lamba da Hausa, sai Isuhu ya miƙe da fara'a ya dafa kafaɗata a gaban masu gadi ya dubi Inna Tabawa ya ce, "Alhamdulillahi, ashe ɗan'uwa ne! Yaya, kwantar da hankalinki, namu ne a ciki." Masu gadin suka tambayi me ya ce, wani ya gane, suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Turjuman, danginka sun zo." Na ture hannunsa na kakkaɓe rigata. Wallahi har yau ina jin kunyar faɗa, amma haushinsa na shiga ofis da shi. Me ya yi mini? Ya kira ni ɗan'uwa, shi ke nan laifinsa.

Da farko komai ya tafi daidai. Inna Tabawa ta kwance bakin zanenta ta fito da katin jam'iyyar mijin da guntun jarida mai hotonsa. Mudir ya juya su, ya juya, bai sami abin kamawa ba. Ya ce to, ƙa'ida ta ba da mafaka ga matar mamacin da 'ya'yan da ta haifa, ban da wani dangi. Ya ce in tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta nuna ƙofa ta ce, "Ga su nan, 'yan matan nan biyu." Nan take na gane inda aka dosa. Ku da kuke gida ba sai na yi muku bayanin kunyar ɗan fari ba. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta lissafa shi, ba ta nuna nata ne, balle a gaban baƙon namiji. Ni kaina ɗan fari ne. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wannan" take ce mini, kuma ban taɓa shakkar son da take yi mini ba. Saboda haka kada wani ya nema mini uzurin rashin sani. Na sani sarai, kuma na fassara: ta ce biyu.

Mudir ya sa aka shigo da Isuhu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Wannan fa?" Inna ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango ta ce, "Na yayata ne, ita ta raine shi." Gaskiya ta faɗa, tun yaye aka kai shi ɗakin yayarta kamar yadda ake yi, shi ya sa ma yake ce wa mahaifiyarsa Yaya. Na fassara kalma da kalma. Mudir ya ce ta faɗi sunansa. Ta ce, "Ku tambaye shi mana, ai yana da baki." Na fassara. Mudir ya gyara zama, na ga idonsa ya yi hasken nan na wanda ya kama ɓarawo. Ya ce, "Tambaya ta ƙarshe. Ita ta haife shi? E ko a'a." Da na faɗa mata sai ta yi 'yar dariyar kunya, ta rage murya ta ce mini, "Haba ɗan nan, a gabansa? Kai ai ka sani. Ka yi masa bayani mana." Ba taurin kai ba ne, ba wauta ba ce. Ta ga ɗan Hausawa a gefen tebur, ta ɗauka nauyin ya sauka daga kanta. Mudir ya ce, "Esh galat?" wato me ta ce. Na dubi tarin takardun da ke gabansa, tawa tana ciki. Na ce, "Ta ƙi amsawa."

Isuhu ba ya jin Larabci sai na salla, amma ya ga alƙalami ya ja layi. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam, me ka gaya masa? Al'ada ce! Ka gaya masa al'adarmu ce, ni ne ɗanta na fari! Ka ji tsoron Allah, kai ma uwa ce ta haife ka!" Mudir ya sake tambaya me yake cewa. Na ce, "Roƙo yake yi." Ya ce, "Dukkansu roƙo suke yi. Yalla, a fita da shi." Aka kama yatsan Inna aka dangwala, tana ta godiya don ta ɗauka na yi bayanin, ba ta san abin da ta sa wa hannu ba. Jumla nawa ake bukata? Ɗaya. "Ya mudir, matan ƙasarsu ba sa ambaton ɗan fari." Ko numfashi biyu ba za ta ci ba. Wata ƙila ya zage ni, wata ƙila ya ƙi yarda, amma da na fita haƙƙinsu. Ban faɗa ba.

Washegari ta dawo ba mayafi ba takalmi, an gaya mata an ware shi cikin masu jiran jirgi. Ta faɗi a bakin tebur tana cewa, "Nawa ne! Ni na haife shi! A kawo Alƙur'ani in dafa!" Wannan kam na fassara duka, da ƙarfi ma, don yanzu ba abin da zai ci mini. Mudir ya ɗaga takardar jiya ya nuna mata shaidar yatsanta ya ce wanda ya canza magana cikin kwana ɗaya maƙaryaci ne, in ta ƙara zai soke ta 'yan matan ma. Sai ta yi shiru saboda su. Bayan kwana uku jirgi ya tashi da Isuhu. Bayan wata huɗu takardata ta fito, na yanka rago, mutane suka cika gidana suna ta yi mini barka, mabruk, mabruk.

Kun san abin da ya fi ci mini rai? Inna Tabawa ta ɗauka ni ne gwarzon da ya tsaya musu. Ta sami kafili, ta kama ɗaki a bayan unguwarmu, tana wankau da sayar da gyaɗa wajen kasuwar Bab Makka, ta aurar da 'yan matan nan da guminta. Kuma duk ranar Juma'a sai ta kawo fura gidana a ƙwarya, ta ce wa matata, "A ba ɗana turjuman, ba don shi ba da dukkanmu muna cikin teku." Shekara tara ina shan furar nan. Matata ta sha tambayata me ya sa nake ɓata rai duk Juma'a, in ce mata gajiya ce. Na yi sadaka da niyyar Isuhu, na yi masa ɗawafi, na roƙa masa gafara a matsayin mamaci, kuma Allah ya gafarta mini, a can ƙasan zuciyata na fi so ya zama ya mutu ɗin, don mamaci ba ya dawowa ya yi magana.

To bai mutu ba. Makon jiya wani malamin jami'a daga Sudan ya zo ofishinmu, zan kira shi Dakta. Bincike yake yi a kan yadda ake sauraren masu neman mafaka da yadda ake riƙe su a gaɓa biyu na Bahar Maliya, yana yawo da akwatin ɗaukar murya. Tsohon mudir ya daɗe da barin aiki, sabon ya ba Dakta izinin duba tsofaffin fayil, ya haɗa shi da ni tunda yanzu ni ne babban tafinta, da teburina da fanka a kaina. Dakta ya ciro fayil ɗaya ya ajiye a gabana. Ya ce a Bur Sudan ya haɗu da mai wannan suna, a sansanin 'yan gudun hijira. Ana sauke shi a ƙasarsu aka wuce da shi kurkuku, ya yi shekara bakwai, ya fito da ido ɗaya da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, ya sake kamo hanyar gabas. Sau uku yana neman izinin ƙetarowa wurin mahaifiyarsa, sau uku ana ba shi amsa ɗaya: matar da kake faɗa ta shaida da yatsanta ba ta da ɗa namiji. Dakta ya cire tabarau ya ce, "Ya ustaz, kai ka zauna a wannan zama, ga sa hannunka. Na rasa gane abu ɗaya. Me zai sa uwa ta ƙi ɗanta sau uku, sannan washegari ta zo tana birgima?" Na ce, "Allahu a'alam." Ya ce, "Abin da ta faɗa ka fassara?" Na ce, "Kalma da kalma." Ya gyaɗa kai ya rubuta, mutumin kirki ne, bai zarge ni da komai ba.

Sai ya ce bari ya kunna mini muryar Isuhu, don hirar da gurguwar Larabci suka yi ta, amma a ƙarshe ya yi wata magana da Hausa ya ce saƙo ne ga tafinta in yana raye. Ya danna. Muryar ta tsufa, ta dushe, amma na gane ta. Ga abin da ya ce, ban rage ba: "Malam tafinta, ina gaisuwa. Ban gaya wa wannan bawan Allah abin da ya faru ba, kuma ba zan gaya wa Yaya ba. Na yi shekara bakwai ina tsara abin da zan yi maka, yanzu duk ya fita daga raina, na gaji. So nake in ga tsohuwar nan kafin ɗayanmu ya rigayi ɗaya. An ce takarda ɗaya ce daga hannunka. Na bar ka da Allah." Dakta ya ce, "Me ya ce?" Ku faɗa mini me na ce. Na ce, "Gaisuwa ce kawai." Shekara tara, gemu ya fara fari, na je Makka ban san iyaka ba, aka sake ba ni dama irin ta farko, na sake haɗiye maganar mutumin nan a gaban wani mai alƙalami. Wane irin mutum ne ni?

Takardar da yake nufi, Dakta ya yi mini bayaninta. Sabon mudir ya ce ba a buɗe fayil ɗin da aka rufe da shaidar yatsa sai in tafintan da ya zauna ya rubuta da hannunsa cewa akwai abin da aka faɗa bai isar ba, ya faɗi ko mene ne, ya rantse, ya sa hannu. Ba "na manta" ba, ba "wata ƙila" ba. In na rubuta, aikina ya tafi, wannan ba shakka. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa, wadda aka ba ni bisa shaidar cewa ni amintacce ne, ban san ko ana ƙwacewa ba, kuma ba wanda zan tambaya ba tare da na tona kaina ba. In aka ƙwace, ina za a kai ni? Ƙasar da ko kakana ya manta hanyarta? 'Ya'yana uku suna makaranta, Hausa ma da ƙyar suke mayar da gaisuwa. Sai in tsaya a tsakar gidan nan da lamba a hannu, wani yaron tafinta yana fassara ni yadda ya ga dama? Na san wannan tsoron nawa bai kai nauyin ido ɗaya na Isuhu ba, na sani, amma tsoron bai san haka ba.

Jiya da la'asar Dakta ya roƙe ni in je in sanar da Inna cewa ɗanta yana raye, kuma ranar Asabar zai zo ya ɗauki muryarta kafin ya koma Sudan. Na same ta a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye tiren a hankali ta gyara zama kamar mai shirin karatu, ta ɗaga kai ta ce da ƙarfi, "Isuhu. Sunansa Isuhu. Ɗana ne na fari, ni na haife shi, ranar Talata da damina, a ɗakin uwata." Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce mini, "Kullum sai ta faɗi haka bayan kowace salla, tun muna cewa taɓuwa ce har muka saba." Inna ta ce, "Ba taɓuwa ba ce, koyo nake yi. Na ce ko da wata rana za a sake tambayata, kada harshen nan ya sake cin amanata." Sannan ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, ni na jefa shi a jirgi da bakina, na sani, kuma na yarda Allah ya kama ni da shi. Kai ka yi iyakar yinka, ina kallon gumin da ke zubo maka ranar nan. Ranar Asabar kai za ka zauna kusa da ni ka juya masa maganata. Ban yarda da kowa ba sai kai."

Na ce mata to. Me zan ce? Na taso na bar tsohuwa tana ɗauke da laifin da ba nata ba, ɗanta yana ƙetaren ruwa tafiyar yini ɗaya a jirgi, tsakaninsu ba komai sai rabin shafi da rubutuna. Na san kafin wannan takarda ta iso gare ku, kafin amsarku ta dawo, Asabar ta daɗe da wucewa, Dakta ya tafi. Amma fayil ɗin yana nan a durowar teburina, ita kuma kullum ƙarfinta raguwa yake yi. In na rubuta, in fara gaya mata ko in bari ta ji a bakin mudir? In na gaya mata, da wane baki zan ce, Inna, shekara tara kina tsine wa harshenki, alhali nawa ne? In kuma na yi shiru ta mutu ba ta gan shi ba, ina zan sa kaina ranar da ba tafinta tsakanina da Ubangiji?

Malam, masu karatu, kada ku lallashe ni, na sha lallashin kaina ya ishe ni. Ku dubi 'ya'yana uku, ku dubi tsohuwar nan da ɗanta, ku gaya mini tsakani da Allah: me zan yi?